Likita Ya Amsa: Takardar Bincike, Zubar Jini da Shanyewar Ɓarin Jiki

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan daga ƙauyukan Kano da Jigawa suke, kuma kusan dukkansu a kan jini ne da hanyoyinsa: wanda ya ɓalle bayan haihuwa, wanda ya toshe a ƙwaƙwalwa, da wanda ya zuba a kan kwalta. Na taƙaita tambayoyin, na kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda aka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. A ranin bara matar ƙanena ta haihu a gida, jini ya ɓalle mata, muka ɗauke ta zuwa babban asibiti. Mijinta ya tafi ci-rani, saboda haka ni ne a kanta. Muna cikin wannan tashin hankali wata ma'aikaciya ta kawo takarda, ta ce ana wani bincike a kan magani, idan mun amince in dangwala yatsa. Na ƙi, domin ban manta abin da ya sami yara a Kano lokacin sanƙarau ba, kuma wanda maciji ya sara ko tsumma ya gani gudu yake yi. An kula da ita ta warke, alhamdu lillahi, amma har yau zuciyata ba ta kwanta ba. Shin na yi daidai? Kuma me ya sa za a gwada magani a kan wanda yake tsakanin rai da mutuwa?
Daga wani manomi, ƙaramar hukumar Ringim

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya abin da aka samu, ya ƙara wa uwar lafiya. Ƙin da ka yi haƙƙinka ne, kuma ba ka yi laifi ba, domin ƙa'idar bincike a ko'ina ita ce wanda ya ƙi shiga ba za a rage masa komai daga kulawar da ta kamace shi ba. Tsoron naka ma yana da tushe. A shekarar 1996, lokacin da annobar sanƙarau ta kashe dubban mutane a Arewa, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano, a kan yara kimanin 200, rabinsu aka ba su sabon maganin, sauran kuma aka ba su wanda aka saba. Yara 11 suka rasu, 5 daga ɓangaren Trovan, 6 daga ɗaya ɓangaren, wasu kuma suka nakasa. Iyaye sun ce ba a sanar da su cewa gwaji ake yi ba, shi kuwa kamfanin ya ce ya nemi izininsu da baki, kuma cutar ce ta yi kisan ba maganin ba. An shafe shekaru ana shari'a kafin a sasanta da gwamnatin Jihar Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Ɓarnar da wannan al'amari ya yi wa amana tsakanin jama'a da likitoci ta fi ƙarfin kuɗin nan, domin yana cikin abubuwan da aka riƙa kafa hujja da su lokacin da aka ƙaurace wa rigakafin shan-inna a 2003.

Tun daga lokacin an ɗaure al'amarin da dokoki. A 2007 Nijeriya ta fitar da kundin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta ba kwamitin ƙasa mai sa ido a kan bincike ƙarfin doka. A yau ba a gwada magani a kan mutum sai da izinin hukumar NAFDAC da amincewar kwamitin ɗa'a, wanda dole ne a cikinsa a sami wanda ba likita ba ne ba kuma masanin kimiyya ba. Takarda ba ta mai da mutum nagari, amma yanzu akwai inda ake kai ƙara, akwai kuma wanda za a tuhuma.

Tambayarka ta biyu ta fi ta farko nauyi, kuma amsarta ba ta da daɗin faɗa ga likita. Da yawa daga cikin abin da ake yi wa majinyaci a ɗakin gaggawa gadonsa aka yi daga malamai, aka ci gaba da yi saboda hankali ya karɓe shi, ba don an taɓa auna shi ba. An ɗauki shekaru ana koyar da cewa yaron da aka kawo da zazzaɓi mai tsanani, tafin hannunsa ya yi sanyi, bugun jininsa ya yi rauni, a ɗura masa ruwa mai yawa ta jijiya cikin sauri. Duk likitan da ya yi haka ya ga yaron ya buɗe ido, fatarsa ta ɗumama, uwarsa ta yi hamdala, saboda haka ba wanda ya yi shakka. Sai aka gwada a asibitoci a Yuganda da Kenya da Tanzaniya, a kan yara fiye da 3,000, a wani bincike mai suna FEAST da aka wallafa a 2011. Abin da ya fito ya girgiza likitocin da suka yi aikin kansu: cikin kwana biyu, yara fiye da 10 cikin 100 na waɗanda aka ɗura wa ruwan da sauri sun rasu, alhali a cikin waɗanda aka sa wa ruwa a hankali kimanin 7 ne cikin 100 suka rasu. Kwamitin da ke duba alƙaluma ya sa aka tsayar da binciken tun kafin a kai ƙarshensa. Da ba a yi wannan gwaji ba, da har yau ana rasa yara uku a kowane ɗari da hannun masu ƙoƙarin ceton su, ba tare da kowa ya gane ba, domin idon likita ɗaya a asibiti ɗaya ba zai taɓa hango bambancin uku cikin ɗari ba. A kula dai, wannan bincike bai shafi yaran da gudawa ta tsotse ba. Su kam ƙarin ruwa shi ne ceton su.

Kai manomi ne, ka san cewa idan aka kawo sabon irin gero ba ka shuka shi a gonar bayan gida mai taki, ka shuka tsohon a gonar daji, sannan da kaka ka ce sabon ya fi. Sai ka raba gona ɗaya biyu, taki ɗaya, ruwa ɗaya. Dalilin da ya sa ke nan a bincike ƙuri'a ce take raba majinyata gida biyu, ba zaɓin likita ba, domin idan aka bar wa likita zai iya ba masu sauƙin ciwo sabon maganin ko da bai yi niyya ba. Sau da yawa ma kwalaben iri ɗaya ne, lamba kawai ke jikinsu, ta yadda mai yin allurar bai san wace ce a hannunsa ba. A binciken gaggawa da aka tsara bisa ƙa'ida ba a janye wa kowa maganin da aka riga aka tabbatar yana aiki. Kowa yana samunsa, abin da ake gwadawa ƙari ne a kai.

Saura batun izini. Macen da ta balaga kuma tana cikin hayyacinta, izinin nata ne, ko da yake a al'adarmu za ta shawarci mijinta, kuma masu bincike na ƙwarai suna girmama wannan. Idan ta fita daga hayyacinta sai a nemi waliyyinta, wanda a ranar kai ne. Idan babu kowa kuma jinkiri zai ɓata amfanin maganin, ƙa'idojin binciken lafiya na duniya da ake kira na Helsinki sun yarda a fara, da sharaɗin kwamitin ɗa'a ya riga ya amince da wannan tsari a rubuce, kuma da zarar ta farfaɗo a gaya mata, ta zaɓi ci gaba ko janyewa. Idan aka sake kawo maka irin wannan takarda, ka nemi a karanta maka ita da Hausa a gaban shaidan da ba ya cikin masu binciken, ka tambayi wane kwamiti ne ya amince, wa zai ɗauki nauyi idan an sami illa, ka kuma karɓi kwafinka. Wanda ya amsa waɗannan ba tare da ƙosawa ba, ni dai zan saurare shi. Wanda ya ce ka dangwala kawai babu lokaci, ko ya nuna cewa kulawa ta rataya a kan dangwalawar, ka ƙi shi.

TAMBAYA: Likita, ni ungozoma ce a ƙauyenmu, na tsufa ina karɓar haihuwa. Jikata ta haihu a asibiti a birni, na ga an shimfiɗa mata wata leda mai aljihu da layuka, jini yana taruwa a ciki, suka ce min auna shi suke yi. A saninmu jinin biƙi datti ne, fitarsa lafiya ce. Na kuma ji akwai allurar tsayar da jini. Zan iya saya in ajiye a gida?
Daga wata ungozoma, ƙaramar hukumar Gwaram

AMSA: Iya, sannu da aiki, Allah ya saka. Jinin da ke biyo bayan haihuwa kaɗan-kaɗan na wasu makonni al'ada ce ta jiki, amma wanda ke zuba a awannin farko jininta ne mai kyau, wanda zuciyarta ke buƙata, kuma zubar jini bayan haihuwa ita ce kan gaba wajen kashe mata masu haihuwa a duniya. Iyakar da likitoci suka daɗe suna aiki da ita ita ce rabin lita, wato kimanin cikin ledar fiya-wata ɗaya. Matsalar ita ce ido yana yaudara: zani ya sha, katifa ta sha, ƙasar ɗaki ta sha, mai kallo ya ga kamar ba a zubar da da yawa ba, ita kuma mai haihuwar, musamman idan yarinya ce mai ƙarfi, tana magana tana amsa barka har sai jikinta ya gaza gaba ɗaya a lokaci guda.

Ledar da kika gani an tabbatar da amfaninta ne a wani bincike mai suna E-MOTIVE, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na Nijeriya. An yi shi a asibitoci kusan 80 a Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000, aka wallafa a 2023. A nan asibitoci aka raba da ƙuri'a, ba mata ɗaiɗaiku ba. Rabin asibitocin suka ci gaba da yadda suka saba, rabi kuma suka koma auna jini da ledar, kuma da zarar ya kai layin sai a yi komai tare a lokaci guda: a murza mahaifa, a yi allurar da ke matse ta, a yi allurar tsayar da jini, a sa ƙarin ruwa, a duba ko akwai yagewa ko ragowar mabiyiya, maimakon a gwada ɗaya a zauna jiran ganin sakamako kafin a gwada na biyu. A asibitocin da suka saba, rabin masu zubar jini kawai ake ganowa. Da ledar aka koma gano fiye da 9 cikin 10. Zubar jini mai tsanani, ko tiyata saboda jini, ko mutuwa saboda shi, sun sauko daga kashi 4.3 zuwa kashi 1.6 cikin 100. Babu sabon magani ko ɗaya a cikin wannan tsari. Abin da ya sauya shi ne ganewa da wuri da kuma daina jira.

Allurar da kika ji labari, a jikin kwalbarta an rubuta tranexamic acid. Wasu mata da miji masu bincike a Japan, Utako da Shosuke Okamoto, su ne suka samar da ita a farkon shekarun 1960, amma sai a 2017 aka tabbatar da amfaninta ga masu haihuwa, bayan binciken WOMAN da ya haɗa mata 20,060 a ƙasashe 21, Nijeriya tana cikin waɗanda suka fi ba da gudummawa. Aikinta shi ne hana gudan jinin da jiki ya ɗaura a bakin rauni narkewa. Idan aka yi ta cikin awa uku da haihuwa tana rage mutuwa saboda zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku. Bayan awa uku ba a ga wani amfani ba. Ba na ba ki shawarar ajiye ta a gida, domin ta jijiya ake yin ta a hankali, kuma ba ta matse mahaifa, alhali sakewar mahaifa ita ce sanadin yawancin zubar jinin. Haka kuma ba rigakafi ba ce: a wani bincike na biyu da aka wallafa a 2024, an yi ta ga mata fiye da 15,000 masu ƙarancin jini tun kafin jinin ya ɓalle, ba ta hana shi ɓallewa ba. Darasin wannan shi ne a gyara ƙarancin jini tun da ciki, ta zuwa awo da shan maganin ƙarin jini.

Abin da ke hannunki ya fi allurar. Ki lura da lokacin da jariri ya faɗo, ki riƙe shi a ka ko ki sa a rubuta. Idan zani ya jiƙe sharkaf, ko jini na gudana bai tsaya ba, ko ta ce tana ganin duhu ko tana jin ƙishirwa mai tsanani, ki ɗora hannu a ƙasan cibiya ki murza har mahaifar ta yi tauri, ki sa ta yi fitsari, ki sa jariri a nono, ki lulluɓe ta, a kuma nemi mota a daidai wannan lokaci, ba bayan an gama jiƙo ba. Awa ukun nan daga haihuwa ake ƙirga su, ba daga isa asibiti ba, kuma hanyar burji da damina tana iya cinye biyu daga ciki. Shi ya sa maganar mota da kuɗinta da iznin fita ya kamata a gama ta da maigida tun ciki yana wata bakwai.

TAMBAYA: Likita, ɗana mai shekara shida yana da sikila. A asibiti an ɗora masa wata na'ura a gefen kai, aka ce jininsa yana gudu da yawa a ƙwaƙwalwa, aka rubuta masa wani magani da zai riƙa sha kullum. Mai kemis ya ce min maganin ciwon daji ne. Yaron yana wasansa lafiya. In ba shi?
Daga wata uwa, ƙaramar hukumar Dambatta

AMSA: Malama, ki ba shi. Mai kemis bai yi ƙarya ba, hydroxyurea ana amfani da shi a wasu cututtukan daji na jini, amma ya faɗi rabin magana. Ga mai amosanin jini, maganin yana sa jiki ya ƙara ƙera irin jinin da jariri ke da shi a ciki, wanda ba ya lanƙwashewa, kuma an amince da shi don sikila a Amurka tun 1998.

Gwajin da aka yi wa ɗanki yana auna saurin jini a manyan jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Idan jijiya ta fara tsukewa jini yakan ƙara gudu a wurin, kuma idan saurin ya kai santimita 200 a daƙiƙa, yaron yana cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, wanda ya kai kimanin 10 cikin 100 a kowace shekara idan ba a yi komai ba. Yaro mai wannan sakamako yakan yi wasansa lafiya har ranar da abin zai auku, saboda haka lafiyar da kike gani ba hujja ba ce ta jinkiri. A Amurka an nuna a 1998 cewa ƙarin jini duk wata yana rage haɗarin da fiye da kashi 90 cikin 100, amma ke ma kin san abin da ake sha kafin a sami leda ɗaya ta jini, balle a ce duk wata har shekaru. Wannan ne ya sa likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala da Asibitin Barau Dikko na Kaduna, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, suka gudanar da binciken SPRING a kan yara 220 masu shekara 5 zuwa 12 da ke da irin sakamakon ɗanki. An raba su biyu, wasu a kan ƙaramin ma'auni na maganin, wasu a kan matsakaici. Sakamakon da aka wallafa a 2022 ya nuna cewa a ɓangarorin biyu shanyewar ba ta kai 2 cikin 100 a shekara ba, sai dai masu matsakaicin ma'auni sun fi ƙarancin kwanciya asibiti. Iyaye ne irinki daga Kano da Kaduna suka amince aka yi wannan aiki da 'ya'yansu, kuma takardar maganin da ke hannunki amfaninsa ce.

Ana auna maganin ne da nauyin yaro, saboda haka kada ki ƙara ko ki rage da kanki, kuma ki riƙa kai shi gwajin jini a ranakun da aka sa miki, domin yana iya rage wasu ƙwayoyin jini. Idan hannunsa ko ƙafarsa ta saki, ko maganarsa ta sauya, ko bakinsa ya karkace, ko da na ɗan lokaci ne ya dawo daidai, a kai shi asibitin da ke da jini a take, domin a wannan hali ƙarin jini ne maganin gaggawa.

TAMBAYA: Likita, mahaifinmu ya tashi alwalar asuba buta ta suɓuce masa, bakinsa ya karkace, magana ta gagara. Aka ce iska ce ta buge shi. Muka yi tofi, wanzami ya yi masa ƙaho, muka ba shi asfirin daga kemis, sai bayan kwana biyu muka kai shi asibiti. Yanzu yana jan ƙafa. Da mun kai shi da wuri da ya warke? Kuma mu 'ya'yansa me za mu yi?
Daga wani malamin firamare, ƙaramar hukumar Sumaila

AMSA: Malam, Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Addu'a ba ta hana tafiya asibiti, ana iya yin ta a cikin mota. Abin da ya same shi a jijiyar jini ta ƙwaƙwalwa yake, kuma iri biyu ne: ko gudan jini ya toshe jijiyar, ko jijiyar ta fashe. Daga waje kamanninsu ɗaya, hoton ƙwaƙwalwa ne kaɗai ke raba su. Nan ne haɗarin asfirin yake, domin yana taimakon mai toshewa amma yana iya ƙara wa mai fashewa zubar jini. Binciken SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan ya jagoranta a asibitoci 15 na Nijeriya da Gana, har da Kano da Zariya, ya duba majinyata fiye da 2,000, ya sami cewa kusan ɗaya cikin uku fashewa ce, adadin da ya zarce na ƙasashen Turai sosai. Ba wa mutum asfirin kafin hoto a ƙasarmu caca ce da ba ta dace ba. Ɗura masa ruwa ko rubutu ko kunu a baki ma yana da haɗari, domin haɗiya takan lalace, abin ya shiga huhu ya zama ciwon da ke kashe da yawa daga cikin waɗanda shanyewar kanta ba ta kashe ba.

Akwai allurar da ke narkar da gudan jini, wadda bincike ya nuna tana aiki idan an yi ta cikin awa huɗu da rabi, amma tana da tsada, asibitocin da ke yin ta a Nijeriya ƙalilan ne, kuma zai yi wuya mutumin ƙauye ya same ta a kan lokaci. Saboda haka kada ka ɗora wa kanka cewa kwana biyun nan ne kaɗai suka jawo jan ƙafar. Duk da haka zuwa da wuri yana da amfani ko babu allurar: a auna sukari, domin faɗuwarsa tana kwaikwayon shanyewa kuma ana gyara ta cikin mintuna, a daidaita hawan jini da zazzaɓi, a duba haɗiya, a riƙa juya shi don kada ya yi gyambon kwanciya, a fara gashi da motsa gaɓɓai da wuri. Har yanzu ma lokacin motsa jikin bai wuce ba, domin watannin farko ne aka fi samun dawowar ƙarfi.

Ku 'ya'yansa kuwa, binciken SIREN ya yi muku magana ƙarara. Da za a kawar da hawan jini, kimanin 9 cikin 10 na shanyewar da aka gani da ba ta auku ba. Bayansa akwai kitse a jini, da ciwon sukari, da tumbi, da taba, da barbaɗa gishiri a kan abincin da aka riga aka dafa. Cin ganye kullum kuwa, irin su zogale da rama da alayyafo, an same shi tare da raguwar haɗarin. Hawan jini ba ya ciwon kai a yawancin mutane, saboda haka kowannenku ya je a auna shi, kuma idan ana samun 140 bisa 90 ko sama da haka a ranaku daban-daban, a fara magani. Wani bincike mai suna CREOLE da Farfesa Dike Ojji na Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida, aka wallafa a 2019, ya nuna cewa ga baƙar fata haɗin magani biyu da ke ɗauke da amlodipine ya fi wanda babu shi sauke jini, kuma yana cikin masu araha. Likita ne zai zaɓa, amma babu laifi ka tambaya. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya sha kwali ɗaya, a auna a ga ya sauka, ya ce ya warke ya daina.

TAMBAYA: Likita, ni direba ne a hanyar Wudil zuwa Gaya. Mukan tarar da hatsari, amma muna tsoron ɗaukar mutum saboda kada asibiti su ce sai da takardar 'yan sanda. Mene ne gaskiya?
Daga wani direba, Wudil

AMSA: Malam, sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba da kulawar gaggawa bisa kowane dalili, kuma hukuncin saɓawa tarar naira 100,000 ce ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba ko duka biyu. Ko mai harbin bindiga, wata doka ta 2017 ta wajabta a karɓe shi da takardar 'yan sanda ko babu. Lambar jami'an kiyaye haɗurra ita ce 122.

Gaggawar tana da dalili a bincike. An gwada allurar tsayar da jini da na ambata a amsar ungozoma a kan masu rauni 20,211 a ƙasashe 40, har da Nijeriya, a binciken CRASH-2 na 2010. Waɗanda aka yi wa a awar farko, mutuwa saboda zubar jini ta sauko daga kashi 7.7 zuwa 5.3 cikin 100. Waɗanda aka yi wa bayan awa uku kuwa, mutuwar ƙaruwa ta yi. Idan ka tarar da mai zubar jini, ka ninka tsumma mai tsabta ka danne raunin da ƙarfi ba ɗagawa, idan ya jiƙe ka ƙara wani a kai, kada ka zuba ƙasa ko toka ko man birki, kada ka ba shi ruwa ko da ya roƙa, domin ana iya shiga da shi tiyata. A ɗauke shi mutum uku ko huɗu, ɗaya yana riƙe da kai daidai da ƙirji don kada wuya ya lanƙwashe, a nufi babban asibiti mai jini da ɗakin tiyata, ba ƙaramin ɗakin shan magani ba. Da isarka ka gaya wa ma'aikata ƙarfe nawa hatsarin ya auku, domin da wannan za su san ko a yi allurar ko a bar ta.